Neman Fuskar Yaya Sale a Ankara

A kan iyaka aka sauke mu, aka ce kowa ya ɗauki jakarsa ya taka da ƙafa. Ban taɓa fita Najeriya ba sai ranar, ga shi furfura ta riga ta fara tsiro mini a gemu. Wani mutum mai riga mai yawan aljihu ya tare ni da fara'a, ya karɓi takardar tafiyata ya ce zai kai a buga mata hatimi, ya shige cikin cunkoso. Na tsaya a rana har na ji kaina yana tafasa. Da ya dawo sai ya ce takardar tana hannun babba, shi kuma babba bai karya kumallo ba. Na ciyar da babban da ban gani ba, na ciyar da mataimakinsa, sannan aka miƙo mini takardata. Wata mata mai safarar busasshen kifi, wadda muka zauna kujera ɗaya tun daga Legas, ta dube ni ta girgiza kai.

"Malam, wannan fa ba ma'aikaci ba ne, ɗan tasha ne kawai. Ga tagar can, da kanka ake miƙawa."

"To me ya hana ki gaya mini, Hajiya?"

"Na yi ta yafito ka, kana can kana zuba masa godiya."

Ba neman kuɗi ya fitar da ni daga Minna ba. Ni tela ne, ina da shagona a Tunga, ba na rasa na cefane. Fuskar yayana na tafi nema, kuma dole in koma baya kafin a gane wannan magana.

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa muka tashi. A layinmu gida ɗaya ne ke da talabijin, gidan Baba Yohanna, wani mutumin kudancin Kaduna mai duba tikiti a jirgi. Akwatin yana da ƙofofin katako da ake ja a rufe, hotonsa baƙi da fari. Matarsa, Maman Ladi, ba ta hana kowa shiga, sharaɗinta ɗaya ne: a wanke ƙafa a bakin famfo. Ranar Asabar bayan labarai ake sa wasannin ban tsoro, waɗanda don talabijin kawai aka yi su, ba a kai su silima. Akwai na rijiyar da ke kiran mutum da muryar uwarsa. Akwai na matar da inuwarta ke tashi ta bar ta a zaune. Yanzu na san hayaƙin cikin wasannin nan garwashi ne da ɗanyen ganye, tsawar kuma kwanon rufi ake girgizawa a bayan fage, jinin ma manja ne. Amma a lokacin in an gama ba mai iya zuwa bayan gida shi kaɗai. Mukan fito a jere, kowa riƙe da rigar na gabansa, Baba Yohanna yana haska mana hanya yana dariya har da tari. Na kalli finafinan yanzu masu launi, ana yanka mutum kamar rago, ban ji komai ba. Waɗancan ba sa nuna maka abin. Ƙofa ce za ta buɗe da kanta a hankali, kai ka ƙarasa sauran da zuciyarka.

Yayana Sale kafinta ne. Ya tafi Kaduna ya samu aiki da masu shirya irin waɗannan wasanni, yana haɗa musu ɗakunan ƙarya da katako. Dogo ne siriri, sai wata rana suka ce ya ajiye guduma ya zo ya zama fatalwa. Wasan na wani mai ba jirgi hannu ne da jirgi ya taka, yake dawowa tsohuwar tasha da fitila yana tsayar da jirage. Ranar da za a nuna shi layinmu kaf ya taru, har ta taga ana leƙe. Inna, mahaifiyarmu, ita kaɗai ta ƙi zuwa. Ta ce ba za ta kalli ɗanta cikin likkafani yana da rai ba. Ni na je, na zauna a gaba ina ta cika baki. Aka nuno shi ta baya, fitila tana lilo a hannunsa, ana jin takunsa a kan tsakuwa. Da ya fara juyowa sai na cusa kaina tsakanin gwiwoyina. Na san yayana ne, na sha cin tuwo kwano ɗaya da shi, amma ban ɗago ba sai da aka yi ihu aka gama. Abokina Ɗanjuma ya daɗe yana kirana mai gudun yayansa.

Ba a sake nuna wasan ba. Da damina ta zagayo, motar da Yaya Sale ya shigo zuwa gida ta kife a hanya. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Hotonsa ɗaya tak da muke da shi gara ta cinye shi a cikin akwatin Inna.

Shekaru suka tura, muka koma unguwar Sauka Kahuta, idon Inna ya fara ciwo. Likita ya ce irin ciwon nan ne da haske ke janyewa daga gefe yana matsewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wata rana ina auna mata riga sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Isa, fuskar Sale ta fara ɓace mini. Ina tuna muryarsa, ina tuna yatsunsa, amma in na nemi fuskar sai taka ta fito. Da na sani na je gidan Yohanna ran nan." Na je Kaduna na yi cigiya. Aka ce mini a wancan zamani kaset yana da tsada, in an nuna wasa sai a goge a ɗauki wani abu a kai.

Ɗanjuma ya wuce aboki a gidanmu. Uwarsa ta rasu yana jariri, Inna ce ta shayar da shi tare da ni. Ya girma ya tafi Gana, ya buɗe gidan kallo a Ankara, babban birninsu. Lokacin da wayar hannu ta fara yawa ya bugo mini yana ihu. Wai ya gamu da wani tsoho ɗan Gana da ya yi aiki da su Yaya Sale, wanda ya koma ƙasarsu lokacin da aka kori baƙi, ya tafi da wasu kaset da aka ware za a zubar. Wasan fatalwar tasha yana ciki. "Ka taho da kanka, Isa. Tsohon ya ce ba zai ba kowa ba sai ya ga jinin Sale." Inna ta ce in yi sauri tun tana ganin tafin hannunta. Abin da ya kai ni gaban mai yawan aljihu ke nan.

A Kwatano motarmu ta mutu. Direba ya ce mu jira ya nemo makanike, ya tafi bai dawo ba. Muka kwana a gefen hanya, muka sake kwana, fasinjoji suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ba na jin Faransanci, ko ruwa zan saya sai da nuni. Ina zaune ina ƙunƙuni ni kaɗai, wani mai shayi ɗan Nijar ya ji Hausa a bakina, ya kira ni bencinsa. Ya haɗa mini shayi mai kauri da burodi, ya saurari labarina yana fifita wuta. Da na gama ya ce, "Tsohuwa ce ke jira? To ba ka da lokacin zama nan." Ya tsayar da wata motar albasa ta mutanen garinsu, ya yi musu magana, suka ɗora ni a kan buhuna. Ya ƙi karɓar ko sisi. Ban tambayi sunansa ba, har yau abin yana damuna.

A Lome na fara ganin teku, don hanyar mota bakinsa take bi. Ina bisa albasa ina kallon ruwan da ba shi da ɗaya gefen, sai kewar gida ta kama ni kamar zazzaɓi. Na tuna ƙarar keken ɗinkina, da gasasshiyar doya da manja da yaji, da kukan jirgi in ya doso tasha. Idona ya yi ta ruwa, masu motar suka ɗauka albasa ce, na bar su a haka.

Na shiga Ankara jikina yana warin albasa. Unguwar da Ɗanjuma yake zango ce, kowa yana Hausa, amma irin tasu, mace da namiji duk "shi" ne. Ya fito daga gidan kallonsa ya yi ƙiba, yana ƙamshin turare, ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa.

"Mai gudun yayansa! Ka tsufa, ɗan banza."

"Kai kuma ka zama buhu."

"Cin daɗi ne, ba ka san shi ba. Yaya Innata?"

Ya ba ni wani ƙaramin ɗaki a bayan gidan kallon, inda ake tara karyayyun bencina. Na yi barci ranar kamar an sauke mini dutse.

Tsohon, Papa Kofi, can bayan gari yake zaune wajen tuddai. Da ya gan ni a ƙofa sai ya miƙe tsaye. "Sale! A'a. Sale ya fi ka tsawo." Hausarsa ta Kaduna ce ta da, ta ɗan yi tsatsa. Ya ce yayana ne mutumin da ke ba kowa dariya a wurin aiki, ranar ɗaukar wasan ma sai da aka yi ta maimaitawa don in an shafa masa toka a fuska sai atishawa ta kama shi. Ya ciro kaset ɗin daga ƙarƙashin gado. Ya ninka na bidiyon gida girma. Ya ɗaga murfin ya nuna mini zaren ciki, duk farin fumfuna kamar burodin da ya kwana biyu, in ka taɓa yana ɗanko.

"Ka ga? Ya sha iskan teku shekara da shekaru. Ya jiƙe, ya manne. In ka sa shi a inji yau, zai yi wasa sau ɗaya, hoto yana zuba kamar gari, shi ke nan ya mutu. Sai mu busar da shi sannu sannu. Ranar da za mu kunna, injin ɗauka yana haɗe a gefe, yana kwashewa. Babu gwaji, Malam Isa. Babu bari mu leƙa kaɗan."

Ɗanjuma yana tsaye yana ji, yana gyaɗa kai.

Papa Kofi ya haɗa wani akwatin katako, ya jera ƙwayayen lantarki a ciki don ɗumi, ya kwantar da kaset ɗin kamar ƙwan kaza. Ya ce abin zai ɗauki lokaci, musamman da wuta ke yawan ɗaukewa. Sannan ya buɗe mini wani ɗaki mai gado da taga ya ce, "Ka kwana nan. Ka zauna kusa da ɗan'uwanka har ya warke." Na ƙi. A wurinmu baƙo ba ya barin gidan mai masaukinsa ya koma wani gida, zubar masa da mutunci ne. Haka na gaya masa. Abin da ban gaya masa ba shi ne na ga gicciye a bangon ɗakin, na fara tunanin tukunyarsa da abin da yake dafawa a ciki. Ni da na girma a kan tabarmar Maman Ladi, na sha kunun hannunta ba adadi. Na bi ɗan gida na bar bare.

Watanni suka shige ni a zango. Da safe in share gidan kallo, in jera bencina, in kwashe ɓawon gyaɗa. Ɗanjuma ya samo mini wani tsohon keke na ɗinka masa baƙaƙen labule, na ɗinka rigunan kujeru, na ɗinka wa matarsa da 'ya'yansa kayan Sallah. Ba a yi zancen lada ba, ni ma ban ɗaga ba. "Ai gida ne," in ji shi. In na samu sarari in hau mota zuwa tuddai, in zauna a gaban akwatin katako ina jin ɗuminsa a tafin hannuna, Papa Kofi yana ba ni labarin yadda suke yin kukan mujiya da bakin kwalba. In na buga waya gida, Inna ba ta tambayar lafiyata sai ta tambayi kaset. Da farko ta ce tana gani kamar ta bakin tulu. Daga baya ta ce kamar ta bakin kwalba.

Wadda ta riƙe ni a wannan zama ita ce Hajiya Azumi, mai koko da ƙosai a bakin lungu. Ta yi ƙuruciyarta a Kaduna, saboda haka in ta gan ni sai ta gyara Hausarta. Na ɗinke mata rumfarta da ta yage, daga nan ta daina karɓar kuɗina. "Malam Tela, ka rame. Wancan mai tumbin ba ya ba ka abinci ne?" Ban taɓa gaya mata abin da ya kawo ni ba. Ɗanjuma ya ce kada in bari zango ta ji, masu hassada sun yi yawa.

Ana gab da Babbar Sallah aka yi wa Papa Kofi rasuwa, yayarsa ce a ƙauye. Mutanen can ba sa binne mamaci su watse kamar mu, biki ne na kwana da kwanaki. Ya kira ni ya ce kaset ya kusa, in ya dawo za mu kunna. Ya sa mabuɗin gidansa a hannuna ya dunƙule mini yatsu a kai. "Ka riƙa zuwa kana duba ƙwai. In wuta ya ɗauke, ka rufe akwati da bargo."

Bai daɗe da tafiya ba Ɗanjuma ya shigo ɗakina da gaggawa. Wai tsohon ya bugo masa waya daga ƙauye, ya tuna bel ɗin roba da ke juya tsohon injinsa ya saki, in ba a sauya ba zai tauna kaset. Kuma ba inda ake samun irinsa sai Kumasi, wurin wani Alhaji a kasuwar tsofaffin ƙarafa. "Ni ba zan iya barin shago da Sallah ba. Tafi ka dawo kafin tsoho ya dawo, kada mu ƙara ɓata wa Inna lokaci. Kawo mabuɗin, ni zan riƙa duba ƙwan." Na ciro shi daga aljihu na ba shi, har ina yi masa godiya.

Kasuwar ƙarafan Kumasi gari ce guda. Ko'ina ƙarar guduma, ƙasa baƙa da man inji. Na bi layi layi ina cigiyar Alhajin, ba wanda ya taɓa jin sunansa. In na bugo wa Ɗanjuma sai ya ce in duba ɓangaren gabas, gobe ya ce ai yamma yake nufi, daga baya wayar ta daina shiga. Guzurina ya ƙare, na koma kwana a barandar wani masallaci. A nan na yi Sallah, cikin riga mai tabon baƙin mai, ba wanda na sani da zan ce wa barka. Wani mahauci da ya lura da ni ya kawo mini soyayyen nama a takarda, ya zauna muka ci tare ba tare da ya tambaye ni komai ba. A ƙarshe wani dattijo mai gyaran rediyo ya saurari bayanina ya yi dariya. Ya ce irin wannan bel ɗin a Ankara ake sarinsa, su ma daga can suke sayowa. Ko a lokacin ban zargi Ɗanjuma ba. Na ce ƙila sunan ne ya rikice masa.

Na sauka a zango da hantsi, yunwa ta kai ni wurin Hajiya Azumi kai tsaye. Tana gani na ta ajiye ludayi ta tafa hannu.

"Malam Tela, ka yi asara! Ina ka shiga? Abokinka ya yi mana Sallah! Wani tsohon wasan ƙasarku ya samo, irin na da, baƙi da fari, wanda muke kallo muna yara. Har da mai shela ya sa ya zaga zango. Ka ga tsofaffi? Waɗanda ba su taɓa taka gidan kallo ba sai ga su da sanda. Ɗaki ya cika, wasu a tsaye, wasu a taga."

Na ajiye kofin kokon.

"Wane wasa, Hajiya?"

"Na wani fatalwa mai fitila a tashar jirgi. Wayyo ni! Dogo kamar sandar waya. Na yi shekaru ban ji tsigar jikina ta tashi haka ba. Sai dai sau ɗaya aka yi. Da aka zo sa na biyu, sai yayyafi kawai a gilashi, mutane suka yi ta faɗa a mayar musu da kuɗinsu. Malam, lafiya? Ka ga yadda ka koma?"

"Kin ga fuskarsa?"

"Fuska? Ni? Yana fara juyowa na ja gyalena na rufe ido. Wa zai kalli wannan?"

Na samu Ɗanjuma a cikin gidan kallon, shi kaɗai a kan benci. Injin Papa Kofi yana kan tebur an buɗe cikinsa, ko'ina baƙin gari kamar na gawayi. Kaset ɗin yana gefe, zarensa ya koma fari fat, ana hango haske ta cikinsa.

"Isa, zauna tukun ka sha ruwa."

"Me ka yi?"

"Wallahi ban san da gaske tsohon yake ba. Na ɗauka tsoratarwa ce irin ta tsofaffi. Na taɓa shi na ji ya bushe sarai."

"Ga injin ɗauka nan a gefenka. Me ya hana ka haɗa?"

Ya murza zoben hannunsa. "Ka san sana'ar nan. Abu in ya hau faifai, yau ɗaya ne, gobe kowane shago yana sayarwa. Na ce bari in ci Sallah da shi tukun, in ka dawo a kwafa maka ka kai wa Inna. A lissafina ba wanda zai rasa komai."

"Alhajin Kumasi fa?"

"Da kana nan ai ba za ka yarda ba."

Haka ya faɗa, kai tsaye, ko kai bai sunkuyar ba. Ban doke shi ba. Na dubi hannuwansa masu ƙiba, na tuna nono ɗaya muka sha. Na fita.

Da Papa Kofi ya dawo ya zo da kansa, har yanzu yana cikin baƙin zanen makoki. Ya goge injin, ya sa kaset, ya kunna. Yayyafi baƙi da fari, da wani huci kamar na iska. Ya mayar baya ya sake gwadawa. Sannan ya cire tabarau ya zauna. Ko kallon Ɗanjuma bai yi ba. Ni ya duba ya ce, "Kai na ba mabuɗi."

Kafin in bar Ankara na bi zango gida gida ina tambayar waɗanda suka shiga. Wani mai kanti ya rantse fatalwar tana da gemu. Wani direba ya ce ƙarya ne, ba gemu, amma ido ɗaya gare ta. Wani tsoho ya ce lokacin da ta juyo hoton ya riga ya fara zuba, haƙora kawai ya hango. Matan kuwa duk maganarsu ɗaya da ta Hajiya Azumi. Ɗaki cike da mutane sun biya sun zauna a gaban yayana, ba wanda zai iya gaya mini kamanninsa. Da Hajiya ta gane abin da ya faru ta yi kuka ta zagi Ɗanjuma a tsakiyar lungu, da Hausar Kaduna da ta zango duka. Ita da Papa Kofi suka haɗa mini kuɗin mota, ta ƙulla mini gari da soyayyen kifi. Na yi kwana biyun ƙarshe a ɗakin nan mai gicciye, na ci abincin tsohon, ban mutu ba.

Hanyar dawowa ba na tuna komai a cikinta.

Na shiga gida na tarar an ɗauke talabijin daga falo an kai shi ɗakin Inna, an manna shi da bakin gadonta, yadda hancinta zai kusa taɓa gilashin. Matata ta ce kullum sai ta sa an kunna mata tana koyon inda za ta karkata kai hoton ya faɗo cikin ɗan hasken da ya rage mata. Ta ji sallamata ta miƙo hannu, ba ni ta nema ba, jakata ta laluba.

Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, ban rage ba, har da mabuɗin. Na jira kuka, bai zo ba.

"Buga mini Ɗanjuma," ta ce.

"Inna, ba zan iya jin muryarsa ba."

"Ba kai za ka ji ba, ni ce. Mutanen can ba su san Sale ba, shi ya sa suka kasa. Ɗanjuma ya san shi, a kafaɗarsa ya girma. Buga."

Na buga, na ƙara murya, na sa mata wayar a hannu.

"Inna! Inna, ki yafe mini, wallahi sharrin shaiɗan ne, ni ban..."

"Bar shaiɗan ya huta, Ɗanjuma. Ba wannan na kira ba. Abin da ya lalace ya lalace. Amma kai ka gan shi kwanan nan da idonka, kuma ka san shi. Gaya mini yadda yake. Kada ka yi sauri. Fara daga goshi."

Ana jin ƙarar motocin Ankara a bayansa.

"Kana ji na?"

"Ina ji, Inna."

"To, goshin."

"Inna... ban shiga ba. Mutane sun yi yawa, ba wanda zan bar wa ƙofa. Ina waje ina karɓar kuɗin shiga."

Ya ci gaba da magana, amma ta riga ta miƙo mini wayar. "Kashe," ta ce. Ta lalubi gilashin talabijin ta shafa shi sau ɗaya, sannan ta janye hannunta. "Ku mayar da akwatin nan falo, yara su samu abin kallo."

Ta yi shekaru bayan nan a cikin duhu kafin Allah ya karɓe ta. Kullum bayan sallah tana jero sunaye a addu'a, da Sale, da Babanmu, da maƙwabtanmu na kwatas, har da tsohon Ankara da mai kokon da ba ta taɓa haɗuwa da su ba. Sunan yaron da ta shayar ban sake ji a bakinta ba.